Rubutu Ɗaya, Hannaye Da Yawa: Yadda Kwamfutoci Ke Sasanta Kwafin Da Suka Saɓa

Laccar da aka gabatar a Kwamba, Suleja, Jihar Neja

   

Batun da aka ɗora mini wani reshe ne na binciken ilimin kwamfuta: yadda ake ajiye bayani ɗaya a wurare da yawa, mutane daban-daban su riƙa canza shi a lokaci guda, daga ƙarshe kuma kowa ya tashi da abu iri ɗaya a hannunsa. Duk wanda ya taɓa buɗe Google Docs ya ga rubutun abokin aikinsa yana ɓullowa harafi bayan harafi, ya ga amfanin wannan bincike. Mai POS da ya taɓa tsayawa ana gardama da kwastoma, an cire kuɗi a can amma alat bai shigo nan ba, shi ma ya ɗanɗani ciwon da ake neman maganinsa. Abin da na zo in faɗa shi ne, yawancin manhajojin da muke amfani da su an gina su bisa zaton sabis yana nan kullum, katsewa kuwa tsautsayi ne na ɗan lokaci. A Suleja mun san katsewa ce abokiyar zamanmu. Saboda haka binciken nan ya fi shafarmu a kan waɗanda suka fara shi.

Na ɗaya: me ya sa ake yin kwafi tun farko?

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Idan bayani yana wuri ɗaya, ranar da wurin ya lalace an yi asara. Idan yana nesa, ɗauko shi yana cin lokaci da data. Idan layi ya katse, ba ka da komai a hannu. Ku tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga halin ni-'yasu, alhali kwamfutocin da ke kan teburansu lafiyarsu ƙalau. Hanyar zuwa inda bayanin yake ce ta toshe.

To, a yi kwafi mana, kowa ya riƙe nasa. Nan ne kuma wata matsalar take farawa. A shekarar 2000, Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya gabatar da wani hasashe, wanda Seth Gilbert da Nancy Lynch na MIT suka tabbatar da hujjar lissafi a 2002. Ana kiransa CAP. Ma'anarsa a sauƙaƙe: idan layin da ke tsakanin kwafi biyu ya katse, zaɓi biyu ne kawai. Ko dai a dakatar da aiki har layi ya dawo, domin kada kwafin su saɓa, ko a ci gaba da aiki a yarda za su saɓa na wani lokaci. Babu injiniyan da zai ba ku duka biyun, komai ƙwarewarsa.

Na biyu: buhuna 50.

Mu ɗauki wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa. Sitonsa ɗaya ne, akwai buhu 50 a ciki, amma yana da shago a kasuwar IBB, yana da wani a Madalla, kowane da yaron shago da wayarsa. Da safe sabis ya ɗauke. Yaron kasuwar IBB ya sayar da buhu 12, ya rubuta a wayarsa saura 38. Yaron Madalla ya sayar da 7, ya rubuta saura 43. Da la'asar sabis ya dawo, wayoyin suka haɗu. Wanne za a ɗauka?

Manhajoji da yawa suna bin doka mai sauƙi: wanda ya yi rubutu daga baya shi ne da gaskiya. Sai littafin ya nuna 43 ko 38, alhali abin da ya rage a sito 31 ne. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sata, amma in Alhaji ya zo ƙirga, wani yaro zai sha zargi. Ina so ku riƙe wannan, domin kuskuren manhaja a kan ɗan Adam yake sauka, kuma yawanci a kan wanda ba shi da bakin kare kansa.

Shi kansa "daga baya" ɗin, wa zai tantance shi? Agogon waya? Kun san wayar da caji ya ƙare mata, aka kunna ta nuna wata shekara can baya. Tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa a tsakanin kwamfutoci masu nisa da juna, abin dogaro shi ne sanin wane saƙo ya riga ya isa ga wa kafin ya yi nasa aikin. Idan ni da kai mun yi canji ba tare da ɗayanmu ya ga na ɗan'uwansa ba, to canje-canjen nan biyu ba su da na gaba da na baya, ko da sa'a uku ce tsakaninsu a agogon bango. Wannan tunani na cikin abubuwan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Turing ta 2013.

Gyaran lissafin buhunan kuwa ga shi. Kada kowa ya taɓa adadin abin da ya rage. A ba kowane shago layinsa, shi kaɗai ke rubutu a ciki, kuma abin da ya sayar kawai yake ƙarawa. Layin IBB ya ce 12, layin Madalla ya ce 7. In wayoyi sun haɗu, a kowane layi a ɗauki adadin da ya fi girma, a tara, a cire daga 50. Ko saƙo ya iso sau uku, ko na yamma ya riga na safe, amsa 31 ce. Ku lura ba a ƙara ƙarfin sabis ba, ba a sayi sabuwar waya ba. Siffar rubutun kawai aka sauya.

Na uku: rubutun haɗin gwiwa, da wani bawan Allah mai suna Ellis.

Lambobi sun fi sauƙi. Rubutu ya fi wuya, domin kowane harafi yana da mazauni. Tun ranar 9 ga Disamba, 1968, Douglas Engelbart ya nuna wa taro a San Francisco yadda shi da abokin aikinsa da ke Menlo Park suke aiki a kan allo ɗaya. Amma yadda mutum biyu za su buga rubutu a daƙiƙa ɗaya ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba, wannan ya ɗauki ƙarin shekaru 20.

Ga misali. Wata ƙungiya tana shirya sanarwa, an rubuta "Taro ranar Asabar". Sakatare yana nan Kwamba, ma'aji yana wurin aiki a Wuse. Sakatare ya ƙara "Babban" a farkon jimla, wanda da tazararsa gurbi 7 ne. A daidai lokacin, ma'aji ya goge "Asabar" ya sa "Lahadi". Kwamfuta ba ta san kalma ba, gurbi take ƙirgawa, don haka umarnin da ya taso daga Wuse shi ne: goge gurbi 6 daga na 12, ka sa waɗannan a wurin. Kafin ya iso Kwamba, jimla ta riga ta matsa gaba da gurbi 7. Sai allon sakatare ya nuna "Babban TaroLahadi Asabar", na ma'aji kuma ya nuna "Babban Taro ranar Lahadi". Takarda ɗaya ta zama biyu.

A 1989, Clarence Ellis da Simon Gibbs, suna aiki a Austin ta jihar Texas, suka fito da dabarar da ake taƙaitawa OT, wato juya umarni kafin a zartar da shi. Kwamfutar sakatare ta ce: wannan umarni an rubuta shi ne ba tare da sanin gurbi 7 da na ƙara ba, don haka 12 ɗinsa 19 ne a wurina. Ta gyara lambar, sannan ta goge. Allunan biyu suka daidaita.

Bari in ɗan tsaya a kan Ellis, domin ƙannena ɗalibai. An haife shi a Chicago a 1943, a gidan da ba na masu hali ba. Shi ne baƙar fatar Amurka na farko da ya samu digirin digirgir a ilimin kwamfuta, a Jami'ar Illinois a 1969. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a Jami'ar Ashesi da ke Gana, ya rasu a 2014. Duk wanda ya ce muku wannan fage na wasu ne, ku ba shi labarin Ellis.

Dabarar OT tana da wuyar sha'ani idan masu rubutu sun kai uku ko fiye kuma babu mai tsara layi. A farkon shekarun 2000 masu bincike a birnin Nancy na Faransa suka bi hanyoyin da aka riga aka wallafa da manhajar tantance hujja, suka gano kurakurai a cikinsu. Hanyar da ta yi nasara a kasuwa ita ce ta tsarin Jupiter, wanda aka gina a Xerox PARC a 1995: a sa babbar kwamfuta guda a tsakiya, kowane umarni ya bi ta kanta, ita ke yanke wanne ya riga wanne. A kan irin wannan tsari Google Docs yake tafiya. Yana aiki da kyau ƙwarai. Sai dai ku yi tunani: sakatare da shugaba suna zaune a benci ɗaya a Kwamba, amma harafin da ɗaya ya buga sai ya je kwamfutar kamfani ya dawo kafin ɗayan ya gani. In hanyar ta toshe, ga su kafaɗa da kafaɗa amma rubutunsu ba zai haɗu ba. Haka ya dace?

Na huɗu: a ba kowane harafi sunansa.

A 2006 Gérald Oster da Pascal Urso da Pascal Molli da Abdessamad Imine, duk a Nancy, suka gwada wata hanya da suka kira WOOT. Suka ce tun da lambar gurbi ce ke sauyawa, a daina dogaro da ita. Kowane harafi da aka buga a ba shi shaidar da ba ta canzawa, wadda ta haɗa lambar na'urar da ta haife shi da lambar jerinsa. Umarnin ma'aji sai ya koma: goge haruffa masu shaida kaza zuwa kaza, ka sa sababbi bayan harafi mai shaida kaza. Ko sakatare ya ƙara shafi goma a gaba, "Asabar" ɗin nan dai za a goge.

A 2011 Marc Shapiro da Nuno Preguiça da Carlos Baquero da Marek Zawirski suka tattara irin waɗannan dabaru, har da na ƙirgar buhuna da na nuna muku, suka shimfiɗa musu ƙa'idar lissafi, suka ba su suna CRDT: bayanan da aka tsara su yadda kwafinsu za su haɗu ba rikici. Alkawarin shi ne, duk na'urori biyu da suka karɓi canje-canje iri ɗaya za su nuna abu iri ɗaya, ko ta wace hanya canjin ya iso, ko a wane jeri. Ba a buƙatar alƙali a tsakiya. Waya da waya za su iya musayar canji ta Bluetooth a ɗakin taro, in sabis ya samu kuma a tura wa na nesa.

Ba kyauta ake samun wannan ba. Harafin da aka goge ba ya ɓacewa gaba ɗaya, ana barin alamarsa, domin wata wayar da ta yi mako ba ta hau layi ba za ta iya zuwa ta ce a sa rubutu bayansa. Alamomin nan suna taruwa, su cika ƙwaƙwalwar waya. Shekaru aka yi ana wannan suka, kuma suka ce ta gaskiya. Manhajojin Yjs na Kevin Jahns da Automerge, wanda Martin Kleppmann na Jami'ar Cambridge ya jagoranta, sun rage nauyin sosai, kuma duka biyun kyauta ne, kowa yana iya karanta yadda aka gina su. A 2019 Kleppmann da abokan aikinsa a cibiyar Ink & Switch suka wallafa kira cewa kwafin da ke cikin na'urarka shi ya kamata ya zama na asali, na intanet ya zama mataimaki. Ina goyon bayan wannan ra'ayi da zuciya ɗaya. Kamfani yana iya rufe manhajarsa duk ranar da ya ga dama, kamar yadda Google ya ƙaddamar da Wave a 2009 ya rufe ta a 2012. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyar: an riga an gwada a gida.

Kada ku ɗauka labarin Turai nake ba ku. A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Ma'aikatan lafiya suka bibiyi mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, kowane ana auna zafin jikinsa kullum har kwana 21, kuma an yi amfani da wayoyin Android wajen tura rahoto. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta kuɓuta. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda cibiyarta ke Kano, ta gina manhajojin da suka yi aiki a yaƙin Ebola na Yammacin Afirka a kan manhajojin ajiye bayanai na CouchDB da PouchDB. Ma'aikaci ya shiga ƙauyen da babu sabis, ya cike bayani a wayarsa, wayar ta ajiye, da ya fito inda layi yake ta aika da kanta.

Abin da ya burge ni da CouchDB shi ne halinsa yayin saɓani. In ma'aikata biyu sun canza bayanin mutum ɗaya, ba ya zubar da ko ɗaya. Yana zaɓar guda ya nuna, ta ƙa'idar da kowace na'ura za ta zaɓi iri ɗaya, ya adana ɗayan har wani ya zo ya duba. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ku da kuke cike manhajar bayanan lafiya ta DHIS2, wa zai fi ku sanin darajar wannan? Zafin jikin majinyaci ba abu ne da za a bar agogon waya ya yanke hukunci a kai ba.

Na shida: abin da lissafi bai warware ba.

Zan yi muku rashin adalci in na bar ku da tunanin an gama. Mu koma sito. Saura buhu 5, sabis ya ɗauke, kowane yaro ya sayar da 4 ya karɓi kuɗi. Wayoyi za su haɗu lafiya lau, su yarda an sayar da 8. Ina buhu 3 za su fito? Babu dabarar haɗa kwafi da za ta samar da su. Ko dai a tambayi wuri ɗaya kafin a sayar, ko a raba tun da safe, wannan shago 3, wancan 2, kowa ya tsaya a kasonsa. Shi ya sa banki ba ya yarda ka cire kuɗi sai ya tabbatar, shi ya sa kuma tiransifa ke maƙalewa in layi ya yi rauni, kamar yadda muka sha fama lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Kamfanin Amazon kuwa, a bayanin tsarinsa na Dynamo da ya wallafa a 2007, ya zaɓi akasin haka ga kwandon sayayya: gara kayan da mai saye ya cire su sake bayyana, da a hana shi ƙara kaya. Sanin abin da zai jure saɓani da wanda ba zai jure ba aikin mai sana'ar ne, injiniya sai ya tambaye shi.

A rubutu ma akwai saura. An gano cewa wasu hanyoyin, in mutum biyu sun buga suna a gurbi ɗaya ba layi, ɗaya "Musa" ɗaya "Bala", suna iya cakuɗa su su fito da "MBuaslaa". Duk na'urori sun yarda da juna, amma shirme suka yarda da shi. An samu ci gaba a wannan, musamman a aikin Matthew Weidner da Kleppmann na 2023. Wanda ba a magance ba shi ne ma'ana. Ma'aji ya mayar da taro Lahadi, shugaba kuma ya ƙara a ƙasa cewa a zo da wuri tunda Asabar babu aiki. Haruffa sun zauna daidai, sanarwa tana ƙaryata kanta. Mutum ne kaɗai zai gani.

Akwai kuma batun sirri. In kowace waya tana ɗauke da cikakken kwafi, wayar da aka ƙwace a Keke Napep ta tafi da bayanan majinyata. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai tattara bayanin. Dole a kulle abin da ke cikin waya, dole kuma a yi tunanin yadda za a goge bayani da gaske a tsarin da aka gina shi don kada ya manta.

Na bakwai: roƙona ga ɗalibai.

Ku da kuke Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna, ko Jami'ar IBB ta Lapai, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Bida, wannan fage ba ya buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya da tsofaffin wayoyi biyu sun isa. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu bincike a Turai sai sun cire waya da hannunsu su kwaikwayi katsewa. Ku tsakanin Kwamba da Gauraka za ku samu ta gaske.

Tambayoyin da ke jiranku na nan birjik. Ta yaya za a haɗa rajistar asibiti inda mutum ɗaya ya shiga da Muhammadu a nan, Mamman a can, Mahamadou a Maraɗi? In marubuci a Suleja yana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, abokin aikinsa a Nijar yana amfani da ƴ, wani kuma wayarsa ba ta da ƙ sam, yaya manhaja za ta haɗa aikinsu ba tare da ta ɓata shi ba? Yaya rubutun ajami mai wasulla sama da ƙasa zai kasance in hannu biyu suka taɓa harafi ɗaya? Nawa ne mafi ƙarancin data da waya za ta ci ta daidaita bayan mako guda ba layi? In za ku zaɓi aikin kammala karatu, ku je wurin uwar adashi a unguwarku, ko mai kemis, ko shugaban makarantar Islamiyya, ku zauna ku ga yadda suke riƙe littafinsu, ku gina musu abin da zai yi aiki ranar da babu sabis, sannan ku tsaya ku ga inda ya karye, ku rubuta shi. Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa da shugabannin makarantu, duk wanda ya kawo muku manhaja, ku sa ya kashe data a gabanku, ku canza abu ɗaya a wayoyi biyu, ya kunna, ku ga abin da zai fito kafin ku biya.

Shugaban zama, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.   Yanzu fili naku ne, mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma zan so a fara da ma'aikatan lafiya da masu POS, domin su ne ke fama da wannan matsala kullum.